A Ba Ɗan Makaranta Gayaunarsa

'Yan'uwa manoma, da wuya mu tashi daga taron ƙungiya a ƙasar Gwandu ko ta Kalgo ba a ta da maganar makaranta ba. Akan fara da taki da iri da bashin injin ban ruwa, amma kafin a watse sai wani dattijo ya ce, "Malam, ɗana yana aji biyar, na ba shi kwalbar maganin ciyawa ya karanta mini, ya kasa." Daga nan kowa ya kawo tasa. Wani ya ce malamai ba sa zuwa. Wani ya ce gwamnati ce. Wani kuma ya ce yaran yanzu ne ba su da kai.

Mu da muka yi kwalejin horon malamai, muka riƙe alli kafin mu shiga aikin gona, mun ga ya kamata a zauna a dubi wannan magana da kyau, gama ba ƙaramar magana ba ce. Gidan da ba mai karanta abin da aka rubuta a jikin kwalbar magani, wata rana za a ƙone shinkafa, ko a cuci lafiyar mai feshi. Ƙungiyar da ba ta da matasan da za su riƙe littafin kuɗi kuwa, nan da shekara goma sai ta nemo magatakarda daga waje, ko kuma ta watse.

Gandu da gayauna

Kowane manomi ya san bambancin gandu da gayauna. A gandu maigida ne ke faɗin abin da za a shuka da ranar da za a yi noma, rumbu kuma yana hannunsa. Yaro yana aiki don an ce ya yi. Amma ran da aka yanka masa 'yar gayaunarsa, wadda waɗansu ke ce wa kurga, sai ka ga kamar an sake shi. An tashi daga gandu da azahar, kowa ya gaji, shi kuwa yana can har rana ta faɗi, ba wanda ya aike shi. Da kansa zai je ya tambayi kakansa abin da ya sa ganyen gyaɗarsa ya yi rawaya. Da kansa zai kori awaki. Iyayenmu ba don tausayi kaɗai suka yi wannan tsari ba. Sun san a gandu ake koyon riƙon fartanya, amma a gayauna ake zama manomi.

To, yawancin azuzuwan da muke leƙawa gandu ne zalla. Malam ya rubuta a allo, ya faɗa, yara su amsa da ƙarfi gaba ɗaya. Wanda ke wucewa a bakin hanya sai ya ce karatu ya kankama. Amma ka kira yarinya ɗaya, ka rufe farkon layin da hannu, ka nuna mata kalma guda a tsakiya, sai ta sunkuyar da kai. Waƙar ta haddace, baƙin bai shiga ba. Karatun na malam ne, shi ya zo da shi, shi zai koma da shi. Yaro bai san inda yake ba, bai san inda za shi ba, ba shi da wani abu a ajin da zai ce, "Wannan nawa ne."

Ƙasar nan ba baƙuwar karatu ba ce

Kada wani ya zaci sabon abu muke son kawowa daga Turai. Garin Gwandu shi ne mazaunin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu Usmanu, hubbarensa yana nan har yau. Ya rubuta littattafai masu yawa, amma akwai wani ƙarami a cikinsu da ya shafi zancenmu, watau Ida'un Nusukhi. A cikinsa ya jera malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu, da littattafan da ya karanta a gaban kowannensu, tun daga mahaifinsa da ya koya masa Alkur'ani, da wansa Shehu Usmanu, har zuwa Malam Jibrilu ɗan Umaru. Ku dubi abu biyu a nan. Ɗalibi ne wanda ya san abin da ya karanta da abin da ya rage masa, ya tashi da ƙafarsa ya nemi mai koya masa. Kuma da ya zama babban malami bai manta da sunan waɗanda suka koya masa ba.

Haka kuma 'yar wansa, Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864. Ta ga matan ƙauye ba za su iya barin gidajensu duka su zo wurinta ba, sai ta zaɓi dattijai mata masu hankali, ta naɗa su jajis. Takan ba jaji malfa ta ɗaura mata jan ƙyalle a kai, domin duk wanda ya gan ta a hanya ya san malama ce, ya girmama ta. Jaji takan jagoranci 'yan taru su zo su ɗauki karatu, su koma ƙauyukansu su koya wa waɗanda ba su sami zuwa ba. Malfar nan ba albashi ba ce. Shaida ce cewa akwai wani babba a bayan wannan malama, ba ita kaɗai take ba.

Maƙwabtanmu masu makarantun allo ma suna riƙe da wani abu har yanzu wanda makarantar boko ta yar. Kowane yaro da allonsa. Inda wannan yake dabam, inda wancan yake dabam. Ba a wanke allo sai yaro ya biya abin da ke kai daidai, ko da abokinsa ya wuce shi da nisa. Manyan ɗalibai suna biya wa ƙanana. Iyaye kuma sun san da kuɗin Laraba, sun san malam yana da ciki da iyali. Muna sane da cewa akwai abubuwan da ake kuka da su a waɗansu makarantun allo, musamman bara da yawan duka, ba su muke yabo ba. Amma wannan tsari na kowa da allonsa, duk mai koyarwa ya kamata ya tsaya ya dube shi.

Yadda ajin boko ya cika

A 1976 gwamnatin tarayya ta soma shirin U.P.E., watau ilimin firamare kyauta ga kowane yaro. Makarantu suka yaɗu cikin ƙauyuka da sauri, har aka rasa isassun malamai, aka yi ta horar da su cikin gaggawa. A 1999 aka ƙaddamar da shirin U.B.E. a Sakkwato, dokarsa ta fito a 2004, ta ce shekara tara ta farko kyauta ce kuma tilas ce, shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare. A tsakanin nan, a 1991, aka yanki Jihar Kebbi daga Jihar Sakkwato. A 2013 kuma aka kafa Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda mazauninta na dindindin yake a Kalgo, kan hanyar Bunza. Watau yau yaron Kalgo yana iya wucewa ta ƙofar jami'a a kan jaki in ya fito daga fadama. Ko zai taɓa shiga ciki da littafi, wannan a aji biyu da aji uku ake yanke shi.

Ƙofar makaranta ta buɗe, mun gode. Amma tsarin ya zo da wata al'ada: shekara ta zagayo, kowa ya ci gaba zuwa aji na gaba, ya iya ko bai iya ba. Malamin aji biyar an ba shi manhajar aji biyar, ita sufeto zai tambaye shi. A gabansa kuwa akwai mai karanta labari, akwai mai haɗa baƙi da ƙyar, akwai wanda bai san "ba" ba. Wa zai koya wa? Sai ya bi 'yan bencin gaba, sauran su zama 'yan amshi.

Abin da malami zai iya yi

Mataki na fari shi ne a san inda kowane yaro yake. Wata ƙungiya a ƙasar Indiya mai suna Pratham ta fito da hanya mai sauƙi ta yin haka. Malam ya zauna da yaro shi kaɗai na 'yan mintoci, da takarda ɗaya mai ɗauke da baƙaƙe, da kalmomi, da gajeren sakin layi, da ɗan labari. Inda yaro ya tsaya, nan ne matakinsa. Sa'an nan a keɓe wani lokaci kowace rana, a raba yara bisa ga matakinsu, ba bisa ga ajinsu ba. Masu koyon baƙi wuri ɗaya, masu kalmomi wuri ɗaya, masu labari wuri ɗaya. Wanda ya iya, a ɗaga shi gaba nan take, ba sai shekara ta ƙare ba. A Nijeriya an gwada wannan hanya a Jihar Borno, a 2019 kuma aka soma ta da Hausa a makarantun ƙananan hukumomin Wudil da Dawakin Tofa a Jihar Kano. Sa'ad da muka fara karanta bayaninta, murmushi muka yi, gama abin da alaramma yake yi ne a zaurensa tun kakanni.

Mu abin da za mu ƙara shi ne, kada sakamakon ya tsaya a aljihun malam. A ba kowane yaro 'yar takardarsa, ko bangon ƙarshe na littafin rubutunsa, a zana masa tsani mai hawa biyar. Shi da hannunsa zai sa alama a inda yake. Ran da ya ga ya shirya, shi zai ce, "Malam, a gwada ni." Wannan 'yar takarda ita ce gayaunarsa ta fari. Yaron da ya san saura hawa biyu ya kai ga karanta labari, ba irin zamansa ɗaya da wanda ke jiran a kaɗa ƙararrawa ba.

Na biyu, a ba yara aikin da gida ke bukatar amsarsa. Ga wanda muka fi so, domin ba ya cin ko kwabo. Kafin shuka, kowane yaro ya ɗebo irin shinkafar gidansu, ya ƙirga ƙwaya 100 daidai. Ya jiƙa su kwana ɗaya, ya shimfiɗa a kan tsumma ko yankin buhun algarara mai laima, ya naɗe, ya ajiye a inuwa. Kullum ya yayyafa ruwa kada ya bushe. Bayan kwana biyar zuwa bakwai ya buɗe, ya ƙirga waɗanda suka tsira. In 80 ko fiye suka fito, irin yana da kyau. In sun gaza haka da yawa, sai a ƙara yawan irin da za a zuba, ko a nemi wani. A lura, shinkafar da aka yanka kwanan nan wani lokaci takan yi jinkirin tsira, don haka da irin da ya huta za a yi gwajin.

Dubi abin da yaro ya koya a mako guda. Ya ƙirga zuwa ɗari da dalili. Ya gane abin da ake nufi da kashi 80 cikin 100 ba tare da an haddasa masa ba. Ya rubuta kwanan wata da abin da ya gani. Ya tsaya gaban aji ya ba da bayani. Sa'an nan ya koma gida ya ce, "Baba, irinmu 62 kaɗai ya fito." A ranar uban zai kalli makaranta da wani ido dabam.

Manya na aji biyar da shida a ba su buhun taki su karanta. Buhun yuriya an rubuta 46 a jikinsa, watau cikin kowane kilo 100 akwai kilo 46 na sinadarin da ke sa ganye kore. To buhu mai kilo 50 nawa yake da shi? Su lissafa su sami 23. Buhun kamfa mai 15-15-15 kuwa kilo bakwai da rabi ne. Su gaya mana wanne ya kamata a saya in ganye ya yi rawaya bayan dashe, da dalili. Su ɗauki igiya da ma'auni su auna mita ɗaya tsawo mita ɗaya faɗi, su dasa da tazarar santimita 20, su ga gindi 25 ne ke shiga. Su nemo ranar da magani zai lalace a jikin kwalbar da ba kome cikinta, wadda babba ya wanke, ba yaro ba.

Na uku, wanda ya iya ya biya wa wanda bai iya ba. Amma a nan sai an yi hankali. Mun sha ganin malam ya miƙa wa monita bulala, ya ce ya tsare aji, shi ya tafi gindin bishiya. Wannan ba ba yara ragamar karatu ba ne, ƙaramin azzalumi kawai aka naɗa. Abin da muke nufi shi ne yara biyar ko shida a kan tabarma ɗaya, ɗaya yana nuna baƙi, malam yana zagayawa yana saurare. Gobe wani ya karɓi nunawa. 'Yan mata su ma su riƙe, kada kullum a ce maza. Haka nan gonar makaranta. In yara suka yi noma amfanin ya shiga rumbun hedimasta, gandu ne aka ƙara musu. A raba ta kunya kunya, kowane rukuni da tasa, su zaɓi abin shuka, su riƙe lissafi, su yanke shawarar abin da za a saya wa aji da kuɗin.

Nauyin da ke kan malam

Duk abin da muka lissafa aiki ne a kan aiki. Ya fi sauƙi ƙwarai mutum ya rubuta a allo a yi ta amshi. Malamin da zai gwada yara ɗaya bayan ɗaya, ya raba su, ya bi kowane rukuni, tilas ya zo da wuri, hankalinsa a kwance. To wane ne wannan malami? Sau da yawa ba ɗan ƙauyen ba ne. Daga Birnin Kebbi ko Jega ko cikin garin Gwandu yake tasowa kullum, kuɗin kabu-kabu ko na man babur yana cin albashinsa. Da damina hanya ta yanke. Waɗanda ke bakin fadama ba su manta ambaliyar 2020 ba. Ya iso, ba alli, allon ya koɗe, yara rabi suna korar tsuntsu a gonar shinkafa, rabin 'yan matan suna talla. In ya hori yaro, uwa ta zo ta zage shi a gaban aji. In bai hora ba, a ce ba ya aiki. Ba wanda ya taɓa zama a bayan ajinsa ya ce masa, "Wannan ka yi daidai." Akwai malaman da suka saki aikin, ba mu musa ba, waɗannan kuwa akwai hedimasta da ofishin ilimi na ƙaramar hukuma. Amma da yawa gajiya ce da kaɗaici, ba mugun hali ba.

Albashi da ɗaukar malamai aikin gwamnati ne, ƙungiyarmu ba za ta iya ba, kuma bai kamata a ɗora mata ba. Amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, akwai gefen da yake namu.

Babba a ciki shi ne masauki. Ƙauyen da ya ba malam ɗaki mai ƙofa da makewayi, da 'yar gona kusa, ya riga ya yi rabin aikin. Malamin da ke kwana a gari ba ya makara, ya san iyayen yara, kuma ba ya saurin neman canji. A yi masa gayya sau biyu a damina, manya ne za su yi, ba 'yan makaranta ba. A sa shi cikin ƙungiya in yana so, ya shiga adashi, ya sami taki a farashin da muke samu. Ba za mu tambayi addininsa ko garinsu ba kafin mu yi haka. 'Ya'yanmu yake koya wa, ya isa.

Sai lokaci. Korar tsuntsu da tsinkar albasa da kai abinci gona, duka mun san tilas ne. Amma ƙungiya tana iya shirya juyi, yadda ba yaro ɗaya zai rasa mako uku a jere ba. Safiya dai a bar wa makaranta. Matan ƙungiya su dubi maganar talla a tsakaninsu, su suka fi mu sanin inda za a sassauta.

Kayan aiki kuma ba masu tsada ba ne. Kwalin alli, fentin allo sau ɗaya a shekara, tabarmi, tsofaffin kwalaye da za a yanka a rubuta baƙaƙe, tsakuwa da karan dawa na lissafi. Mudu ɗaya daga kowane memba a lokacin kaka ya biya wannan har da saura. A miƙa ta hannun kwamitin kula da makaranta, wanda ya haɗa iyaye da malamai da masu gari, a rubuta, a karanta a gaban kowa. Duk ƙungiya ta tabbata tana da mutum a cikin wannan kwamiti, kuma mai zuwa taro ne, ba mai suna a takarda ba. In akwai makarantu uku ko huɗu kusa da juna, a taimaki malamansu su haɗu sau ɗaya a wata, ɗaya ya koyar sauran su kalla, su tattauna. Abincin rana da kuɗin mai kawai ake bukata. A kwaleji mun fi ƙaruwa a ranar da aka kalli koyarwarmu aka gyara mana fiye da watan da muka yi muna kwafar allo.

Wanda ke da ƙara a kan malam, ya same shi shi kaɗai, ko ya bi ta kwamiti. Yaron da ya ji ubansa yana zagin malam da dare ba zai saurari malamin da safe ba.

A gida kuma

Iyaye da yawa sukan ce mana, "Mu ba mu yi boko ba, me za mu duba?" Ba sai ka iya karatu ba. Ka daina tambayar, "Ka je makaranta?" Ka ce, "Nuna mini inda kake a tsaninka." Ka ce, "Karanta mini wannan buhu." Ka ba shi rasiɗin ƙungiya ya faɗa maka abin da ke ciki, ka gwada da abin da ka sani ka biya. Uwa ta sa 'yarta ta rubuta mata lissafin ƙuli da man gyaɗa na mako. Minti goma bayan cin tuwo ya isa, in dai kullum ne.

Magatakardan ƙungiyoyi, ku sa wannan magana cikin ajandar taronku na gaba, ku gayyaci hedimasta da malamin aji uku su zauna tare da ku. Ku tambaye su yara nawa ne a ajin ke iya karanta gajeren labari da Hausa, in ba a gwada ba ku sa rana. Gwajin iri kuwa a yi shi mako biyu ko uku kafin a zuba irin dashe, domin wanda nasa bai fito ba ya sami sararin neman wani.